RARAR WUTAR RANA TA ISA ƊUMAMA RUWAN WANKA

A cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a kwarin Gulbin Maraɗi, duk wanda ya ratsa garin Jiratawa da azahar zai hangi baƙaƙen alluna suna ƙyalli a bisa soraye da rumfunan shaguna, wasu kuma an kafa su a bakin rijiyoyin garake. Su ne allunan da ke mayar da hasken rana wutar lantarki, waɗanda jama'a ke kira fano. A wannan sa'a rana tana da sauran ƙarfinta, amma da yawa daga cikin allunan nan sun riga sun huta, domin batir ɗin da suke cikawa ya cika tun wajen tsakar rana. In magariba ta gabato kuwa, a cikin gidan nan mai allo a bisa soro, uwargida za ta hura wuta da itacen da aka saya da kuɗi, ta ɗora tukunya don ɗumama ruwan wankan yara da na tsofaffi.

Wato a gida ɗaya, a yini ɗaya, an bar zafi na kyauta ya wuce da rana, an kuma sayi wani zafin da maraice. Akwai dabarar toshe wannan ɓarna, kuma daga cikin waɗanda suka ƙware a kanta akwai matafiya masu kwana cikin motocinsu. Dabara ce mai sauƙi, wadda ta dace da gidajen Jiratawa da Tibiri da unguwannin birnin Maraɗi, muddin an fahimci lissafinta da iyakarta.

INA WUTAR TAKE ZUWA?

Kayan wutar rana na gida abu uku ne: allo, da batir, da wata ƴar na'ura da ke tsakaninsu, wadda masu gyara ke kira regilater. Aikin wannan na'ura shi ne ta tsare batir kada a ɗura masa wutar da ta fi ƙarfinsa. Batir mai bolt 12 irin na dalma, in ya kai wajen bolt 14 da ɗigo 4, na'urar sai ta fara rage wutar da ke shiga, daga bisani ta bar ɗan kaɗan kawai don ya zauna a cike.

Allon da aka rage wa aiki ba ya tara wutar a jikinsa. Hasken da ke sauka a kansa sai ya zama zafi kawai, iska ta kwashe. Misalinsa kamar rijiya ce mai ido mai ƙarfi a gidan da randa ɗaya ce tak: da randa ta cika an rataye guga, ko da kuwa rijiyar tana tumbatsa. Mai gida ba ya ganin asarar, domin fitilunsa suna ci, talabijin tana aiki, babu takardar kuɗin wuta da za ta zo ta tuna masa. Asarar tana fitowa ne a wani wuri dabam, wajen mai sayar da itace.

Wani zai ce a ƙara batir. Gaskiya ne batir na biyu zai ɗauki rarar, sai dai batir shi ne kayan da ya fi saurin mutuwa a cikin ukun nan, zafin ƙasar Nijar kuma yana rage masa kwana. Ruwa kuwa shi ma rumbu ne na adana zafi, kuma babu rumbun da ya kai shi araha.

DABARAR MASU MOTA MAI ƊAKI

Dattawan Maraɗi suna tune da Turawan da ke ratso Sahara a shekarun 1970 da 1980, daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya su shigo ta Asamaka, su biyo Arlit da Agadas, su gangaro kudu, wasu su yada zango a Maraɗi kafin su wuce Katsina da Kano. Wasunsu suna tafe ne cikin mota mai ɗaki, wadda Faransawa ke kira kamfin-kar: a cikinta akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, da ɗan wurin wanka. A wancan zamani injin motar ne ke cika batir, iskar gas kuma ita ke dafa abinci da ɗumama ruwa. Rashin kwanciyar hankali a hanyar Sahara tun daga shekarun 1990 ya sa wannan zirga-zirga ta ja baya ƙwarai, amma irin waɗannan motoci sun ci gaba da yawaita a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma yanzu da yawansu suna da allon rana a bisa rufinsu.

Mai irin wannan mota yana fama da matsalar da magidancin Jiratawa ke fama da ita, har ma tasa ta fi matsi. Ba shi da wurin ajiye batir da yawa, tulun gas ɗinsa ƙarami ne, garin da zai sake cika shi kuma yana iya yin nisa. Ga shi a ranakun bazara batir ɗinsa yana cika kafin rana ta raba. Saboda haka sai matafiyan suka samo mafita: suka saka ƙarfen ɗumama ruwa, wanda ake kira rezistans, a cikin tankin ruwan zafi na motar, suka haɗa shi da makunni mai kunna kansa. Makunnin yana lura da batir. Da zarar batir ya cika, sai ya buɗe wa wutar hanya zuwa tankin ruwa. In gajimare ya rufe rana, ko aka kunna wani abu mai cin wuta har ƙarfin batir ya fara sauka, sai ya rufe hanyar nan take. Haka nan in ruwan ya kai zafin da aka tsayar masa, wani ma'aunin zafi da ke jikin tankin sai ya yanke wutar.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin dabarar guda ɗaya ce: batir ne ke cin farko, ruwa ya ci saura. Tankin irin wannan mota yakan ɗauki lita 10. Rezistans mai wat 200 yana kai lita 10 daga digiri 15 zuwa digiri 60 cikin wajen awa biyu da rabi. Matafiyi ya tsaya da azahar, kafin la'asar ruwan wankansa ya yi zafi, tulun gas ɗinsa kuma bai ragu ba.

Ana yin haɗin ta hanya biyu. Ko dai a sayi rezistans mai aiki da bolt 12 ko 24, a ba shi wuta kai tsaye, ko kuma a bi ta na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta kamfanin NIGELEC mai bolt 220, sannan a yi amfani da rezistans na kasuwa mai ƙaramin ƙarfi. Hanya ta farko ta fi tsimi, domin na'urar juya wuta ita ma tana cin nata rabo.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA YI

Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci har ya iya tarawa da ɗebewa zai iya auna rarar gidansa da kansa. Kalmomi biyu kawai zai riƙe. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin wuta, kamar yadda ake duba ƙarfin ruwan da ke fitowa daga bakin famfo. Wat-awa kuwa ma'aunin yawan wutar da aka sha ne, kamar yadda ake duba ruwan da ya taru a bokiti. Fitila mai wat 10, in ta yi awa 5 tana ci, ta sha wat-awa 50.

Masana sun daɗe da tabbatar da cewa kafin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya, sai an kashe wat-awa 1 da ɗigo 16. Wannan lamba ba ta canzawa, ko da itace aka ɗumama ruwan, ko da gas, ko da rana.

A ɗauki misalin gida mai allon wat 300. Ƙasar Nijar tana samun hasken rana mai yawan kilowat-awa 5 zuwa 7 a kan kowane murabba'in mita a yini, don haka allo irin wannan, in yana da tsabta, yana iya bayar da wajen wat-awa 1300 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A ce gidan yana da fitila huɗu masu wat 10, kowace tana cin awa 5: wat-awa 200 ke nan. Talabijin mai wat 50 na awa 4: wasu 200. Cika wayoyin hannu: 50. Fanka mai wat 40 na awa 8: 320. Jimla 770. Amma a watannin Disamba da Janairu babu mai kunna fanka, sai jimlar ta sauko 450. In an ƙara abin da batir ke zubarwa wajen cika da bayarwa, a ce 550. An ɗebe 550 daga 1300, saura 750.

Wat-awa 750 sun isa su kai lita 18 na ruwa daga digiri 20 zuwa digiri 55. Ruwa mai zafin digiri 55 kuwa ba a wanka da shi haka nan, sai an sirka. In an sirka lita 18 da kwatankwacinsa na ruwan sanyi, an sami fiye da lita 30 na ruwa mai ɗumi, wanda ya ishi mutum biyu ko uku wanka.

Abin lura a cikin wannan lissafi shi ne dacewar lokaci. Watannin da fanka ke hutawa, rarar wuta ta ƙaru, su ne watannin da ake neman ruwan zafi ruwa a jallo. Cikas ɗaya ne: hazo da ƙurar hunturu suna dushe haske, suna kuma kwanciya a fuskar allo. Mai son rara sai ya riƙa goge allonsa da tsumma mai laushi da sassafe, tun gilashin bai yi zafi ba.

GADON FARFESA ABDU MUMUNI

Ɗumama ruwa da rana tsohon zance ne a ƙasar Nijar, kuma ɗan jihar Maraɗi ne ya kafa tushensa. An haifi Farfesa Abdu Mumuni Jofo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa a fannin kimiyyar fizik, ya yi bincike a kan ƙarfin rana a Tarayyar Sobiyet, sannan ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana na Bamako ta ƙasar Mali kafin ya dawo gida. Daga 1969 zuwa 1985 shi ne shugaban ma'aikatar ONERSOL, wadda gwamnati ta kafa a 1965 don nazarin amfani da rana. A ƙarƙashinsa ma'aikatar ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhunan rana, da na'urorin tace ruwa ta hanyar tururi, aka kuma kakkafa na'urorin ruwan zafin a gidaje da ma'aikatu. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 aka raɗa wa jami'ar sunansa.

Na'urar ONERSOL ba ta bi ta wutar lantarki. Akwati ne marar zurfi, an shafe cikinsa da baƙin fenti, an jera bututu a ciki, an rufe da gilashi, an ɗora tanki daga sama. Rana ta gasa bututun, ruwan da ya yi zafi ya yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka har yamma, ba famfo ba batir. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya fara sayar da na'urar ɗumama ruwa da rana tun 1891, ƙasar Isra'ila kuma ta wajabta saka ta a sababbin gidaje daga 1980.

A nan ne ya kamata a faɗi iyakar dabarar masu mota. Allon lantarki na zamani yana mayar da wajen kashi 20 cikin ɗari ne kawai na hasken da ya sauka a kansa ya zama wuta. Akwatin ɗumama ruwa kuwa yana kama rabin zafin, wani lokaci ma fiye. Saboda haka wanda ruwan zafi kaɗai yake bukata, kuma mai yawa, kamar gidan haihuwa ko masaukin baƙi ko makarantar kwana, hanyar Farfesa Abdu Mumuni ta fi masa riba. Dabarar rara ta wanda ya riga ya sayi allo ne don fitila ko famfo, yana so ya ci moriyar abin da ke zubewa.

Irin waɗannan mutane sun yawaita. A zamanin ONERSOL allon lantarki abu ne mai tsadar gaske, sai hukuma ke iya sayensa, kamar yadda aka yi amfani da shi wajen kunna talabijin na makarantu a ƙauyuka. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari. Ita kanta ƙasa ta gina tashar wutar rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha tana shigowa ne daga Katsina ta layin Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024 da aka maido ta, mutane da yawa sun gane cewa mai allo a bisa soronsa ya fi kwanciyar hankali.

ITACE DA WANKAN JEGO

Abin da rarar wuta za ta ceto shi ne itace, kuma jihar Maraɗi ta san darajarsa fiye da ko'ina. A nan birnin ne aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da gurgusowar hamada a watan Mayu 1984, wanda ya haifar da Alkawarin Maraɗi. A ƙauyukan wannan jiha ne manoma suka fara renon tohon kututture a gonakinsu a shekarun 1980, abin da ake kira sassaben zamani, har ya bazu a ƙasashe da dama. Dajin Baban Rafi na gundumar Madarunfa ya daɗe yana ciyar da murhunan birnin Maraɗi, shi ya sa aka kafa kasuwannin itace na karkara a shekarun 1990 don a tsara sara. Duk da wannan ƙoƙari, yawancin gidaje da itace suke girki har gobe, jama'a kuma kullum ƙaruwa take.

Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai kilowat-awa 4. Amma murhun duwatsu uku ba ya kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na wannan zafi, sauran yana bin iska da hayaƙi. Wato daga kowane kilo, wajen wat-awa 500 ne ke shiga ruwa. Rarar gidan da aka yi misali da shi a baya, wat-awa 750, daidai take da kilo ɗaya da rabi na itace a kowace rana. A cikin kwana 90 na sanyi, an tsirar da fiye da kilo 130 a gida ɗaya.

Babu inda ake ƙona itacen ruwan zafi kamar gidan da aka haihu. Al'adar ƙasar Hausa ce mai jego ta yi wanka da ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kuma tanadin itacen jego yana cikin nauyin da ke kan maigida tun ciki bai tsufa ba. Tafasa lita 20 daga digiri 25 yana cin wat-awa 1740, wato wajen kilo uku da rabi na itace a wanka ɗaya. In rana ta riga ta kai ruwan digiri 60, kusan rabin aikin ya ƙare kafin a ƙyasta ashana.

Akwai kuma zancen lafiya. Likitocin asibitin Zariya sun yi bincike a shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa a cikin kunu da tsananin zafin wanka da na gadon da ake hura wa wuta. Ma'aikatan lafiya suna shawartar masu jego su yi wanka da ruwa mai ɗumi maimakon mai ƙuna. Tankin da ke da ma'aunin zafi yana taimakawa a nan, domin zafinsa sananne ne, kullum iri ɗaya, ungozoma ko uwar mai jego kuma za ta iya sirka shi daidai yadda jiki zai ɗauka.

GARAKE DA GIDAJEN LIKITA

Jiratawa gari ne da ya san kuɗin wuta. Fadamar noman rani da aka gyara a can a farkon shekarun 1980, mai fiye da hekta 500, wadda ƙungiyoyin manoma ke gudanarwa tare da hukumar ONAHA, da injunan lantarki ake jawo mata ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kuɗin wutar yana cikin abin da kowane manomi ke biya a ƙarshen kaka. Zogale da albasa da tumatir da tattasai da ke fita daga nan zuwa kasuwannin Maraɗi duk da wannan ruwa suka tashi. A garaken da ke gefen gulbi kuma, masu hali sun fara ajiye injin fetur suna kafa famfo mai aiki da rana.

Allunan famfo sun ninka na gida girma, kuma su ma suna da rara. Mai garka yakan gama ban ruwa da hantsi ko ya bari sai la'asar, in tanki ya cika famfo ya tsaya, alluna su yi zaman banza a lokacin da rana ta fi ƙarfi. Allunan wat 1000 da suka huta awa biyu da tsakar rana sun bar wajen wat-awa 1500, abin da ya isa ɗumama fiye da lita 35 da digiri 35. Sai dai wutar allunan famfo tana da bolt mai yawa, wadda take iya kisa, don haka wannan haɗi aikin ƙwararre ne kaɗai.

Gidajen likita na karkara su ma suna da alluna, musamman na firigon adana allurar rigakafi. A nan doka ita ce kada kowa ya ɗaura wata waya a jikin allon firigo da ra'ayin kansa, domin allurar da ta rasa sanyi ta lalace, ko da ido bai gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na wata na'ura ta musamman da ke ɗibar rarar irin waɗannan alluna ba tare da ta tauye firigon ba, a kan ƙa'idar nan ta masu mota: mai haƙƙi ya ci farko. Allunan fitilun ɗakin haihuwa kuwa, waɗanda batir ɗinsu ke cika da rana, suna iya bai wa ungozoma ruwan ɗumin wanke jariri da tsakar dare.

HATTARA KAFIN A HAƊA

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ruwa da wuta maƙwabta ne masu wuyar sha'ani, kuma akwai sharuɗɗan da bai kamata a tsallake ba.

Na farko, kaurin waya. Rezistans mai wat 300 a kan bolt 12 yana jan amfiya 25. Siririyar waya irin ta fitila za ta yi zafi ta narke, ta tayar da gobara. Sai waya mai kauri, gajera, da fis kusa da batir.

Na biyu, kada rezistans ya ci wuta babu ruwa a kansa. In ya bushe yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. A saka shi can ƙasan tanki, bakin famfon ɗibar ruwa kuma ya kasance sama da shi, yadda ko an ɗebe ruwa iyakar ɗiba zai zauna a nutse.

Na uku, tanki ya sami mafitar tururi. Ganga rufaffiya ruf da ake ɗumamawa tana iya fashewa. A bar mata ƴar kafa a murfi, ko a saka mata bawul ɗin tsaro, a kuma tabbata ma'aunin da ke yanke wuta yana aiki. Ganga ta kasance ta ƙarfe mai tsabta, wadda ba ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man mota ba.

Na huɗu, zafin ruwa. Ruwan da ya daɗe a ajiye tsakanin digiri 20 da 45 wuri ne da wasu ƙwayoyin cuta masu kama huhu ke hayayyafa. Digiri 60 yana kashe su, don haka a bar tankin ya riƙa kaiwa nan, a kuma riƙa juye shi ana wankewa. Amma ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan daƙiƙu, musamman ta yara da tsofaffi. A ɗaga bakin famfon inda hannun yaro ba ya kaiwa, a zuba ruwan sanyi a baho tukuna sannan a ƙara na zafi. Wannan ruwa na wanka ne da wanki da wanke-wanke. Ruwan sha wanda ake shakkar tsabtarsa sai an tafasa.

Na biyar, lulluɓe tanki. Ruwan da ya yi zafi da la'asar, in ana so ya kai asuba, sai an naɗe gangar da abin da ke riƙe zafi: auduga, ko tsofaffin buhuna, ko ƙaiƙayi da aka cusa tsakanin ganga da akwatin katako, har da murfin da gindin, nesa da wayoyi. Daren hunturu yana kwashe zafin ganga tsirara tun kafin zakara ya yi cara.

Na shida, kada a yi haɗin ba tare da makunni mai lura da batir ba. Wanda ya ɗaura rezistans kai tsaye yana cewa zai tuna ya kashe, ranar da ya manta zai wayi gari da mataccen batir, asararsa ta fi kuɗin itacen shekara.

ABIN DA YA RAGE

Kayan wannan aiki ba su da yawa: rezistans, da makunni, da ma'aunin zafi, da fis, da waya, da ganga. Maƙera da masu walda na Maraɗi, waɗanda ke ƙera amalanke da ƙyamare da tankunan ruwa, ba za su kasa haɗa ganga mai riga biyu ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sani. Cibiyoyin koyon sana'a na jihar suna iya saka wannan darasi cikin horon samarin da ke koyon haɗa wutar rana. Malaman yaƙi da jahilci suna iya ɗaukar lissafin wat-awa su mayar da shi darasin ƙidaya, kowane ɗalibi ya auno allon gidansu ko na maƙwabci ya kawo aji. Magadan gari da shugabannin gidajen likita kuma, duk lokacin da ake tsara saka alluna a wani gini na jama'a, ya kamata su tambayi mai kwangila tun takarda ba ta rufe ba: in batir ya cika, ina sauran wutar za ta?

Ranar 7 ga Afrilu ta kowace shekara, ranar da Farfesa Abdu Mumuni ya rasu, ƙasar Nijar tana bikin makamashi mai sabuntuwa don tunawa da shi. Ranar 3 ga Agusta kuma ana dasa itatuwa. Magidancin da ya kafa ganga a gindin allonsa ya haɗa manufar ranakun nan biyu a tsakar gidansa, iyalinsa sun yi wanka da ruwa mai ɗumi, kuɗin itace ya koma ga cefane. Allah ya ba da ikon gwadawa, ya sa a dace.